Kafin a Sayo wa Yara Kwikwiyo

A 'yan shekarun nan wani irin kare da ba mu saba gani ba ya shigo gidajen Hausawa. Ba karen farauta ba ne mai dogayen ƙafafu da ke bin mafarauta daji, ba kuma ƙaton karen gadi ba ne da ake ɗaurewa da sarƙa a bayan gidan mai kuɗi. Ɗan mitsitsi ne, gashi buzu-buzu, yawanci fari fat, da kyar ya fi mage girma, ana yi masa wanka da sabulu mai ƙamshi ana taje shi. Ana ganinsa a Abuja da Kaduna da Kano, a unguwannin da gidajensu ke da doguwar katanga. Galibi yara ne ke kawo maganarsa. Sun gani a katun ko a gidan abokan makaranta, sai su tasa iyaye a gaba.

Ƙanwata na cikin iyayen da aka tasa a gaba. 'Ya'yanta uku, babban bai kai shekara goma ba, autar kuwa yanzu take tatata. Da ta kira ni, tambayarta ta masu saye ce: "Yaya, yaran nan sun hana ni sakat. Wane iri ne ba ya cizo, kuma ba ya zubar da gashi?" Na ce mata akwai tambayar da ke gaba da wannan, wato wane aiki karen zai yi a gidan. Sai ta ce, "Na sani, kai ma za ka ce najasa ne." Na ce a'a, wannan kam ba za ta ji daga bakina ba.

Mu da muka taso a kan Ahalari da Ishmawi da Iziyya kafin a kai ga Risala, bai kamata wannan magana ta zama baƙuwa gare mu ba. A mazhabar Imam Malik, duk abin da ke da rai mai tsarki ne muddin yana raye, haka nan guminsa da yawunsa da hawayensa, kuma ba a ware kare daga ciki ba. Iziyya ta kawo ƙa'idar tun a babin tsarki, Muhtasar na Shehu Halilu ma haka. Fitsarin kare da kashinsa najasa ne, babu gardama a kai. Amma in ya goge ka da jikinsa ko ya lashi bakin rigarka, sallarka da wannan rigar ta yi, alwalarka kuma tana nan.

To, hadisin da ya ce a wanke ƙwaryar da kare ya sha ruwa a ciki sau bakwai fa? Malik bai ƙi shi ba, shi da kansa ya kawo shi a Muwaɗɗa. Fahimtarsa ita ce umarnin na bauta ne tsantsa, ana yi ne domin an ce a yi, ba domin akwai ƙazantar da sai wanki bakwai ke kawarwa ba. Hujjarsa mai ƙarfi ce. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta naman da horarren karen farauta ya kamo wa ubangidansa, da baki yake kamowa, kuma ayar ba ta ce a wanke inda haƙorinsa ya taɓa ba. A Mudawwana an ruwaito cewa Malik bai yarda a zubar da nono ko man shanu don kare ya sa baki ba, yana ganin babban abu ne a ɗauki arzikin Allah a watsar saboda wannan. Buhari kuma ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa karnuka na shiga masallacin Madina suna fita a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba a bin sawunsu da yayyafin ruwa.

Shafi'i da Ahmad ɗan Hambali sun tafi a kan cewa kare najasa ne, wanki bakwai ɗin kuma na tsarkakewa ne, ɗaya daga ciki da ƙasa, domin wata ruwayar da ke Muslim ta zo da lafazin tsarkake mazubi. Hanafawa sun tsaya tsakiya, yawun najasa ne amma jikin ba najasa ba. Duk wanda ya bi ɗaya daga cikin waɗannan ya bi manya. Abin da ke ba ni haushi shi ne mutumin da ke alwala da salla a kan Risala, amma da an zo kan kare sai ya ari ƙyamar daga wata mazhaba, ya bar musu tausayin, ya mai da ita lasisin mugunta. A unguwannin da yawancinmu muka tashi, kare ba ya wucewa lafiya. Yara su bi shi da jifa, su ƙulle wa kwikwiyo igiya a wuya su yi ta ja har ya mutu, manya na zaune a dandali ba mai tsawatarwa. Shafi'i bai taɓa cewa a jefi kare ba. Addinin da ake fakewa da shi shi ne ya ba mu labarin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai haki, Allah ya gafarta masa, da labarin karuwar Bani Isra'ila da ta yi irin haka ta samu irin wannan sakamako. A Suratul Kahfi kuwa, kowane lokaci aka ƙirga samarin kogo sai an ƙirga da karensu.

Sai dai tsarki daban, ajiyewa daban, kuma a nan murnar ƙanwata ta ragu. Risalar mazhabar da ke goyon bayan tsarkin kare ita ce kuma, can wajen ƙarshenta, ta hana ajiye shi a gidajen birni da na ƙauye, in ban da domin gona, ko dabbobin da zai raka kiwo ya dawo da su, ko farautar da mutum ke ci da ita. Farautar nishaɗi ma ba ta samu shiga ba. Asalin wannan hadisi ne da Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa wanda ya ajiye kare ba domin ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka ba, kullum ana rage masa ƙiraɗi ɗaya daga ladarsa, a ruwayar Ibn Umar ƙiraɗi biyu. Akwai kuma hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da kare, da labarin ranar da Mala'ika Jibrilu bai zo wa Annabi a lokacin da ya yi alkawari ba, aka duba aka tarar da kwikwiyo a ƙarƙashin gado. Malamai sun yi bayani cewa mala'ikun rahama ake nufi, domin masu rubuta ayyuka ba sa rabuwa da mutum. Haɗɗabi ya ce karen da aka halatta ajiyewa ba ya cikin wannan hukunci, Nawawi ya ce hukuncin ya haɗa kowane kare. Ibn Abdil Barri, babban malamin Malikiyya na Andalus, ya fahimci cewa raguwar lada alamar karhanci ce ba haramci ba, ya kuma ga cewa ajiye kare domin jawo amfani ko tunkuɗe cuta ya halatta. Ko a kan sassaucinsa, wanda ya ajiye kare haka kawai yana asara kullum.

Lura da abin da ya haɗa ayyukan nan uku. Duk aiki ne. Shari'a ba ta tambayi launin karen ko girmansa ko ƙasar da aka kawo shi ba, ta tambayi abin da yake yi. Shi ya sa malamai suka yi ƙiyasin gadin gida a kan gadin gona da na garke, Nawawi ma ya ce wannan ne ra'ayi mafi inganci a wajen Shafi'awa. Mu kuwa muna da labarin da duk wanda ya zauna gaban malamin Risala ya taɓa ji. Ibn Abi Zaidin, marubucin littafin, wanda ya rasu a Ƙairawan a shekarar 996 miladiyya, katangar gidansa ta faɗi a lokacin da garin ke cikin rikicin aƙida da mulki, yana tsoron ransa, sai ya ajiye kare. Aka ce da shi, ya za ka yi haka alhali Malik ya hana? Ya amsa cewa da Malik ya riski wannan zamani, da zaki mai kai hari zai ajiye. Nafrawi ya kawo labarin a sharhinsa na Fawakihud Dawani. Karen bana shi ke maganin zomon bana. Wanda ke kwana a unguwar da ake haura katanga, ake ɗauke wuta tun magariba, ake sace mutane har cikin gida, ba ya bukatar doguwar fatawa kafin ya gane halin da Shehin ya shiga.

Tambayar da ta rage ita ce, ɗan karen da bai wuce kilo shida ba, gadin me zai yi? Na daɗe ina ganin abin dariya ne, amma masu kiwon karnuka suna da amsa mai ma'ana. Ɓarawo ya fi tsoron hayaniya a kan cizo. Abin da yake so shi ne ya shiga shiru ya fita shiru, kare mai kaifin ji da yawan haushi kuwa yana ɓata masa wannan tun yana bayan katanga. Irin da ake kira Lhasa, wanda yana cikin waɗanda aka fi sayarwa a Nijeriya, aikinsa na asali ke nan. A Tibet an riƙa ajiye shi cikin gidaje da wuraren ibadar mabiya addinin Buda domin ya sanar da zuwan baƙo, manyan karnuka na waje suna tsare ƙofa. A gidan da ke da ƙananan yara, ƙaramin mai haushi ya fi hankali a kan ƙaton Rotwaila ko Boerboel, wanda nauyinsa kan kai na babban mutum, in ya kuɓuce kuma ba mai iya riƙe shi sai wanda ya hore shi. Don haka ban ga dalilin cewa ƙanƙanta kaɗai ta fitar da kare daga sahun masu gadi ba.

Amma kada mu yaudari kanmu. Gidan da ke da maigadi biyu da waya mai lantarki a kan katanga da kyamara a kowane lungu, in ya sayo farin kwikwiyo mai jan ƙyalle a wuya ya ce na gadi ne, ya san abin da yake yi. Niyya ba ta bin sunan da aka laƙaba wa abu. In abin wasan yara ake so, a kira shi abin wasan yara, a kuma san cewa littattafanmu ba su buɗe wa wannan ƙofa ba, mafi sauƙin abin da aka faɗa shi ne makaruhi ne mai cin lada.

A nan ne ainihin ƙullin yake, kuma ban ga masu sayar da karnukan suna faɗinsa ba. Karen da shari'a ta bai wa wuri, wurinsa tsakar gida ne ko bakin ƙofa, ba kan kujerar falo ko gadon yara ba. Yawancin ƙananan karnukan nan kuwa an ɗauki ɗaruruwan shekaru ana haɗa irinsu domin su zauna a cinya. Maltis da Shizu da makamantansu ba su san zaman kaɗaici ba, in aka kulle su a keji a bayan gida sai su yi ta kuka dare da rana, su rame, su fara cizon kansu. Musulmin da ya sayi irin wannan ya sa kansa a tsaka mai wuya. Ya shigar da shi ɗaki, ya ci karo da hadisi. Ya bar shi waje shi kaɗai, ya zalunci dabba, kuma mun san matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Zaɓen iri ashe ba maganar kyau ba ce, maganar wane kare ne zai iya rayuwa mai daɗi a wurin da za ka iya ba shi.

In aka auna da wannan ma'auni, da yawa suna faɗuwa tun a zagayen farko. Ciwawa, ɗan asalin Meziko, bai cika wuce kilo uku ba. Yaro ya ɗauke shi ya sake shi daga tsaye, ƙafa ta karye. Shi ma ya san raunin kansa, shi ya sa yake saurin kai cizo in an matse shi. Pomeraniya haka, ga gashi mai ninki biyu da aka yi domin sanyin arewacin Turai. Masu murtukakken hanci irin su Pug da ƙaramin Buldog na Faransa sun fi ba ni tausayi. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa, waɗannan kuwa an matse musu hanyar numfashi domin fuskarsu ta yi kama da ta jariri. A bazarar Kano ko Sakkwato, inda zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, wuta ta ɗauke, na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, irin wannan kare na iya mutuwa cikin yini ɗaya. Akwai wani mai suna Cavalier da Turawa ke yabo da haƙuri da yara, kuma gaskiya ne yana da haƙurin, amma ciwon zuciya da na ƙwaƙwalwa sun yi wa irin katutu har kotun ƙolin Norwe ta yanke a 2023 cewa ci gaba da haɗa irinsa ya saɓa wa dokar kare haƙƙin dabbobi. Ni ba mai fatawa ba ne, amma zuciyata ba ta kwanta da biyan kuɗi domin a ci gaba da haifo halittar da numfashi ma wahala ne gare ta ba.

Lhasa da wanda ake kira Eskimo suna da haushin gadi, sai dai gashinsu aiki ne. In ba a taje shi kullum ba zai dunƙule, kaska da ƙuma su samu maɓoya, a lokacin zafi kuma sai an rage shi. Lhasa kuma yana da ɗan girman kai, ba ya son yaron da zai ja masa kunne. Bigul, wanda asalinsa karen farautar zomo ne a Ingila, yana da gajeren gashi da ƙarfin jiki da son yara, amma yana bukatar fili da yawo, in ya gaji da zama sai ya tone fulawoyin gida kaf, ga shi da kowa abokinsa ne, har ɓarawo.

Wanda ya rage shi ne wanda ba a tallarsa a Instagram, karen gida namu, ja ko ruwan ƙasa, gajeren gashi, tsayayyun kunnuwa, matsakaicin jiki. Ya san rana, ya san hunturu, yana cin abin da gida ke ci, ba ya bukatar mai gyaran gashi, kuma babu wanda ya fi shi sanin baƙon sawu da dare. In an ɗauko shi yana kwikwiyo bayan an yaye shi, wajen wata biyu, ya taso cikin hayaniyar yara ba duka ba jifa, yana daga cikin karnuka mafi natsuwa. Muna raina shi ne domin a bola muka saba ganinsa. Abin mamaki, karen Buzaye da ake kira Azawak, na yankin da ke tsakanin Nijar da Mali, yau a Turai da Amurka ana yi masa rajista ana shigar da shi gasa. Wannan zaɓi yana kuma raba mutum da wata matsalar fiƙihu. Hadisi ya hana cin kuɗin kare, mashahurin zance a mazhabarmu shi ne ba a sayar da shi, ko da yake Sahnun, mai Mudawwana, ya halatta sayar da na aiki har ya ce zai yi aikin hajji da kuɗinsa, Abu Hanifa ma ya halatta. Kwikwiyon gida kyauta ake bayarwa.

Masu cewa kare na koya wa yaro tausayi ba su yi ƙarya ba, amma ba kare ne malamin ba, iyaye ne. Yaron da ke rungumar karen falo sannan ya fita ya jefi na titi, abin da ya koya shi ne daraja tana bin farashi. Haka wanda ya ga ana buɗe wa kare abincin gwangwani alhali ana kora almajiri daga bakin ƙofa, ko albashin maigadi bai kai kuɗin abincin karen ba. Ba ina cewa a bar dabba da yunwa har sai an ƙosar da kowane mabuƙaci ba, wannan hujjar malalata ce da ba sa ciyar da kowa. Ina cewa yara suna ƙirga abin da suke gani. Sannan ƙananan karnuka kan rayu shekara 12 zuwa 15. Yaron da ke kuka a sayo masa yana shekara bakwai zai tafi jami'a ya bar karen, ɗokinsa ma ba zai kai ƙarshen zangon makaranta ba. Wanda zai kwashe kashi, ya zuba ruwa, ya kai asibiti, uwa ce ko uba ko ɗan aikin da ba a tambayi ra'ayinsa ba, wanda ƙila shi a fahimtarsa duk taɓawa sai ya yi wanki bakwai. A tambaye shi.

A tambayi maƙwabta ma. Daga cikin dalilan da malamai suka bayar na raguwar ladar nan akwai tsorata mutane da hana baƙo da mai bara kusantar ƙofa. Mu mutane ne masu zumunci, ana shigo mana ba sanarwa. Gwaggo da ta zo daga ƙauye ta tarar da kare a kan dardumar da za ta yi salla, ba za ka zaunar da ita ka karanta mata Mudawwana ba, ta riga ta ɗauki mayafinta. Karen da ya yanke maka zumunci ya ci fiye da ƙiraɗi biyu. Wanda kuma karensa ya ciji ɗan maƙwabci bayan an yi masa kashedi, fiƙihu ya ɗora masa alhakin abin da ya faru.

In bukatar gadi ba ta taso ba, dabba kawai yara ke so, ƙofofi a buɗe suke. Mage tana da shaidar hadisi cewa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a gida, ga sahabin da duniya ta san shi da laƙabin 'yar kyanwarsa. Zomo da tantabara kuwa su ne makarantar kiwon 'ya'yan Hausawa tun kaka da kakanni.

Wanda ya auna duka ya ga yana da bukata ta gaskiya, akwai sharuɗɗan da ba na sassautawa. Inuwa da ruwa a kowane lokaci, ɗaki nasa a tsakar gida, ba sarƙa ta dindindin ba. Mazubinsa daban. Kada a zuba masa ragowar miya mai albasa, domin albasa na lalata jinin kare, haka kada a ba shi cakulan da zabibi da dafaffen ƙashin kaza mai tsagewa a ciki. Maganin tsutsar ciki a kai a kai, a kuma riƙa kwashe kashinsa nan take, domin ƙwan tsutsar na zama a ƙasar da mai rarrafe ke wasa yana kai hannu baki. Kada a bar ƙaramin yaro da kare su kaɗai ko na minti ɗaya, komai sabo. Babu irin da ba ya cizo. Yaro da kare tsayinsu ɗaya, shi ya sa cizon yara ya fi yawa a fuska da wuya. A koya musu kada su taɓa shi yana ci, ko yana barci, ko karya tana shayarwa, in ya yi gurnani kuma a ja da baya, kada a dake shi, domin karen da aka hana gurnani shi ne ke cizo ba gargaɗi.

Sai babban sharaɗi, allurar rigakafin ciwon haukan kare. Ibn Rushdi kaka, alƙalin Ƙurɗuba da ya rasu a 1126, ya ce yana ganin wankin nan bakwai ba don najasa ba ne, don tsoron kada karen ya kasance mahaukaci ne. Jikansa, likita kuma masanin falsafa, ya kawo maganar a Bidayatul Mujtahid ya nuna tana da ma'ana. Yau an san cutar ba ta ƙwaryar ruwa take yawan bi ba, ta cizo ne, ko yakushi, ko lasar ciwo da ido da baki, amma dattijon ya gano inda haɗarin yake, a yawun. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma kusan kowane kamu daga kare yake. Da zarar alamunta sun bayyana, da wuya a tsira. Ana yi wa kwikwiyo allurar farko yana da wata uku, a riƙa maimaitawa yadda likitan dabbobi ya tsara, cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom kusa da Jos kuma tana cikin masu yin allurar a Nijeriya. Mai sayar da kare da ba shi da katin rigakafi, a bar masa kayansa.

Ko kana da kare ko ba ka da shi, in kare ya ciji ɗanka ko ya yakushe shi, na gida ne ko na titi, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, kada a ɗaure, kada a tsaya shafa magani ko neman gashin karen, a kai yaron asibiti a ranar domin a fara masa allura.